Me ya tsare Turawa a Bojador har 1434, kuma me ya kashe matsugunansu na farko?

Mai Neman Sani:

Assalamu alaikum malamai. Ina da tambaya kan tafiye-tafiyen Turawa na farko a teku, don amsar da ake yawan bayarwa ba ta gamsar da ni ba. Ana cewa 'yan Fotugal sun kasa wuce tsinin Bojador da ke gaɓar Sahara ta Yamma har shekarar 1434 saboda tsoron dodanni da ruwa mai tafasa. To amma daga 1434 zuwa 1498 shekara 64 ce kacal, sai ga su a Indiya. Da wuya a ce tsoro ya tsare mutane ɗaruruwan shekaru, sannan ya gushe dare ɗaya. Mene ne ya canza a aikace? Jirgin ne, ko kayan aiki, ko sanin hanya? Kuma ta yaya matuƙi yake sanin inda yake bayan ya yi wata biyu bai ga ƙasa ba? A taimaka da bayani dalla-dalla, da lissafi in da hali.

Taswira:

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Zuwa Bojador bai taɓa zama abin wahala ba, komowa gida ce matsalar. Daga kudancin Fotugal har bakin kogin Senigal, iska daga arewa maso gabas take kaɗawa kusan duk shekara, ruwan teku ma kudu yake gangarawa ta gefen tsibiran Kanari. Jirgin da ya nufi kudu, iska da ruwa duk tura shi suke yi. Ranar da ya juya kansa arewa kuwa, duka biyun sun zama abokan gabarsa, ga gaɓar hamada ba rijiya ba kogi, ga ruwa marar zurfi har nesa da bakin teku, ga hazo. 'Yan'uwan nan biyu na gidan Vivaldi sun bar Jenowa a 1291 suka bi ta nan, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Matuƙa sun san irin waɗannan labarai, tsoronsu na da hujja.

Maganin da 'yan Fotugal suka gano shi ne abin da suke kira volta do mar, wato zagayen teku. Maimakon ka yi ta kokawa da iska a gefen gaɓa, sai ka juya wa ƙasa baya ka nufi arewa maso yamma, iskar tana bugun jirgin ta gefen dama. Haka za ka yi ta nausawa tsakiyar Atlantika na makonni, kana nisa da gida a ido, har ka hau zuwa wajen digiri 35 zuwa 40 arewa. A nan iska ke juyawa ta riƙa zuwa daga yamma, sai ka karkata gabas ta kai ka Lisbon. Tsibiran Azores suna kan wannan layi daidai, tsakanin digiri 37 da 39, kimanin kilomita 1,400 yamma da Fotugal. Shi ya sa suka zama zangon ɗiban ruwa ga duk mai dawowa, har Kolumbus a nan ya tsaya a Fabrairun 1493.

Jirgin ma ya taimaka, amma kada a ba shi abin da ba nasa ba. Gil Eanes da ya wuce Bojador a 1434, da ƙaramin jirgi na tsohon yayi ya wuce. Karabela, sabon samfurin jirgin 'yan Fotugal, ta shigo aikin daga baya, a shekarun 1440: tsawonta wajen mita 20, tana ɗaukar tan 50 zuwa 60, mutum 20 zuwa 25, ba ta nutsewa sosai cikin ruwa don haka tana shiga bakin kogi. Filafilanta masu kusurwa uku ne, suna barin jirgi ya tunkari iska har kusan digiri 60, alhali mai filafilai masu kusurwa huɗu da ƙyar yake yin ƙasa da 80. Aibinta shi ne duk juyi sai an kewaya da doguwar sandar filafilan ta ɗaya gefen jigon, aiki mai cin mutane da lokaci, kuma idan iska na baya ba ta da natsuwa. Don haka Kolumbus ya sa aka sauya wa jirginsa Niña filafilai zuwa masu kusurwa huɗu a Kanari kafin ya tsallaka a 1492, domin ya san iska a bayansa za ta kasance.

A kudu da ikweta zagayen yana juyawa. Basko da Gama ya bar tsibirin Santiyago na Kabo Berde ranar 3 ga Agusta 1497, ya ƙi bin gaɓar Afirka, ya yi babban lanƙwasa ta yammacin Atlantika, bai sake ganin ƙasa ba sai 4 ga Nuwamba. Wata uku cur. Kabral, wani kyaftin na Fotugal, ya ƙara faɗaɗa lanƙwasar a 1500, sai ya ci karo da Birazil ranar 22 ga Afrilu.

Baban Iman:

Malam Taswira ya gama da batun iska. Amma zagayen nan ba ya yiwuwa sai matuƙi ya san lokacin da ya hau arewa isasshe, don haka bari in ɗauki tambaya ta biyu.

Aiki biyu ake haɗawa. Na farko kintace ne na yau da kullum. Kamfas ɗinsu an raba shi gida 32, kowane gida digiri 11 da kwata. Lokaci kuwa agogon yashi ne na rabin awa, yaro na tsaye yana juya shi, juyi takwas ya cika aikin gadi ɗaya na awa huɗu. Duk juyi ana soka tsinke a wani allo mai ramuka don nuna inda jirgi ya fuskanta. Gudu da ido ake ƙiyasta shi, a duba kumfa ko guntun itace yadda yake wuce jikin jirgi. Da tsakar rana matuƙi ya tara duka ya ɗiga alama a taswira. Inda ake samun ɓaraka: yaron da ke jin barci ya juya agogo kafin yashi ya ƙare, ruwa na jan jirgi gefe ba wanda ya gani, kuma allurar kamfas ba arewa ta gaskiya take nunawa ba, karkatarta tana canzawa daga wuri zuwa wuri. Kuskuren jiya yana hawa kan na yau.

Na biyu shi ke gyara na farko, wato auna sama. Tsayin tauraron arewa daga inda sama ta haɗu da ruwa shi ne kusan nisanka daga ikweta. Ana auna shi da kwatan da'ira na itace ko tagulla mai zare da dalma a rataye. Na ce kusan, domin a ƙarni na 15 tauraron yana kewaya ainihin arewa da tazarar digiri 3 da rabi, sai an dubi matsayin wasu taurari biyu da ke kusa da shi a san nawa za a ƙara ko a rage. Wanda ya manta wannan gyara zai iya kuskure da kusan kilomita 390, tunda digiri ɗaya kilomita 111 ne.

Da suka kusanci ikweta a shekarun 1470 tauraron ya faɗa cikin ruwa, dole aka koma ga rana. Ana rataye usturlabi, wato faifan tagulla na auna tsayin rana, a yatsa da tsakar rana, a jira rana ta kai ƙololuwa, a karanta tsayinta, a cire daga 90, sannan a haɗa da karkatar rana ta wannan ranar daga jadawali. Misali: a watan Yuni, ranar da rana ta kai iyakarta ta arewa, karkatarta digiri 23 da rabi ce. Ka auna tsayi 75, inuwarka na fuskantar arewa. 90 a cire 75 saura 15, a haɗa da 23 da rabi, ya ba da 38 da rabi. Kana daidai layin Lisbon ke nan, sai ka juya gabas ka riƙe wannan layi har ƙasa ta bayyana. Jadawalin Abraham Zacuto da aka buga a Leiria a 1496 shi ne ginshiƙin wannan lissafi. A kan jirgi mai tangaɗi awon ba ya fita da kyau, shi ya sa da Gama da ya sauka a gaɓar Santa Helena ta kudancin Afirka ya fito da babban usturlabi na itace ya rataye shi a kan sanduna uku a tudu.

Suna lissafin lig 17 da rabi a digiri ɗaya, lig ɗaya wajen kilomita 6. Idan jirgi ya karkata digiri 45 daga arewa, sai ya yi kusan lig 25 kafin ya hau digiri ɗaya, kuma matuƙa sun haddace wannan jadawali. Kusa da gaɓa kuma sai igiya mai dalma da aka cusa wa kitse a gindi, ta faɗi zurfi ta kuma ɗauko yashi ko laka ko ɓawon kifi, a gane wurin.

Nisa gabas da yamma ne ya gagare su, domin yana buƙatar agogon da ba ya kuskure: minti 4 daidai yake da digiri ɗaya. Ba a samu irinsa ba sai agogon John Harrison a wajen 1761. Kolumbus ya ɗauki lissafin masanin taurari Alfargani na mil 56 da biyu bisa uku a digiri, ya ɗauka mil ɗin Rumawa ne alhali na Larabawa ne da ya fi tsawo. Ya sa Jafan a nisan mil 2,400 na teku daga Kanari, gaskiyar kuwa ta haura 10,000. Masanan Fotugal da suka ƙi shirinsa na isa Asiya ta yamma su ne da gaskiya a lissafi.

Mai Neman Sani:

Allah Ya saka da alheri, yanzu na fahimci inda gizo ke saƙar. Saura guda: tunda sun iya zuwa sun iya dawowa, me ya sa garuruwan da suka fara kafawa a ƙetare suka yi ta mutuwa, kamar La Navidad da Roanoke a Amurka, amma tsibirin Madera da Elmina ta gaɓar Ghana ta yau suka tsaya da ƙafafunsu?

Malamar Tarihi:

Ɗan'uwa, fara da cikin jirgi, don daga nan matsalar take tasowa. Rabon mutum ɗaya a rana a tafiyar da Gama kimanin gram 680 ne na busasshen burodi, gram 450 na naman sa mai gishiri ko rabin haka na alade, ruwa lita 1.4, giyar inabi rabin haka, da ɗan mai da ruwan tsami. Mutum wajen 170 ne. Ka ninka zuwa kwana 90: ruwa kaɗai tan 21, burodi tan 10. Shi ya sa cikin jirage huɗun ɗaya na kayan abinci ne zalla. Jirgin da ya kawo baƙi sabuwar ƙasa ya riga ya cinye rabin abin da ya ɗauko, kuma dole ya ajiye na komawa. Abin da zai bar musu na 'yan watanni ne. Ruwa a gangar itace yana wari cikin makonni, burodi na yin ƙwari. Bayan mako 6 zuwa 12 ba ɗanyen ganye ba 'ya'yan itace, sai ciwon sikobi ya shigo: dasashi ya kumbura ya rufe haƙora, tsofaffin raunuka su buɗe, ƙafafu su ƙi ɗaukar mutum. A dawowa daga Indiya da Gama ya fito ba a lokacin iskar da ta dace ba, tsallakawar da ta ɗauke shi ƙasa da wata guda a zuwa ta ci kusan wata uku, mutum 30 suka mutu, har ya ƙone jirgi ɗaya don babu masu tuƙa shi. 

To duk matsuguni tsere yake yi: ko girbin farko ko jirgin agaji ya iso kafin rumbu ya ƙare.

Madera ta ci tseren ne don komai na gefenta. Ba kowa a tsibirin lokacin da kyaftin biyu na Fotugal, Zarco da Teixeira, suka sauka wajen 1419 zuwa 1420, tafiyar mako ɗaya zuwa biyu ce daga Fotugal, kuma tana kan hanyar jirage. Aka ƙone daji, aka fara da alkama, aka sassaƙa magudanan ruwa a jikin duwatsu don kai ruwa gonaki, sannan rake ya biyo baya, da injin matsa mai aiki da ruwa a 1452. Tsarin mulki ma a fili yake: ana ba kyaftin yanki, shi ke raba filaye da sharaɗin a nome su cikin 'yan shekaru ko a ƙwace, shi ke da injin niƙa, yana kuma karɓar ushirin ushiri. A Azores tumaki aka fara saki su hayayyafa kafin a kawo mutane, takardar sarki ta 1439 ta ambaci haka. Wannan dabara ta juye musu a tsibirin Porto Santo da ke kusa da Madera, inda zomayen da kyaftinsa Perestrelo ya kawo suka yi yawa suka cinye shuka.

Elmina wani salo ne daban, kasuwa ce mai ganuwa. Diogo de Azambuja ya iso a Janairun 1482 da karabela 10 da manyan jiragen kaya 2, mutum 600, cikinsu magina da kafintoci 100. Sun taho da duwatsun ƙofofi da tagogi a sassaƙe, da katako da farar ƙasa, don ginin ya tashi da sauri. Sai da ya zauna da sarkin wurin, wanda suka rubuta sunansa Caramansa, kuma da magina suka fara fasa wani dutse da mutanen garin ke girmamawa, rikici ya tashi sai da aka kashe shi da kyaututtuka. Da aka gama, mutum 60 da 'yan kai aka bari. Bakin da za a ciyar kaɗan ne, abinci ana saye a gari, jirage na zuwa a kai a kai saboda zinariya. Marubutan tarihin Fotugal sun ruwaito cewa an farfasa manyan jiragen nan biyu a can, aka baza labarin cewa karabela kaɗai ke iya dawowa daga Gini, wato gaɓar Afirka ta Yamma, don a kashe wa sauran Turawa gwiwa.

La Navidad ba a ma shirya ta ba. Santa María, babban jirgin Kolumbus, ta maƙale a gaɓar tsibirin Hisfaniyola daren 25 ga Disamba 1492, aka yi shinge da katakonta aka bar mutum 39. Da Kolumbus ya dawo a Nuwamban 1493 ba ko ɗaya da rai, sun yi ta ƙwace zinariya da mata har mutanen Taino, 'yan asalin tsibirin, suka gama da su. La Isabela da ta biyo baya a farkon 1494 kuskurenta yawa ne: jirage 17, mutum sama da 1,200, da yawansu ba manoma ba, tasha a buɗe ga iskar arewa, alkama ta ƙi yi, mutanen kuma ba su saba da rogo ba. Wata guda da kafa ta aka mayar da jirage 12 Sifaniya neman abinci da magani. Kafin 1500 ta zama kufai, an koma Santo Domingo.

Roanoke, matsugunin Ingilawa, makarar jirgin agaji ce ta kashe ta. Gwamnanta John White ya koma Ingila a 1587 ɗauko kaya, yaƙi da Sifaniya na 1588 ya sa aka hana jirage fita, bai dawo ba sai 1590, ya tarar ba kowa cikin mutum wajen 115. Jamestown, wani matsugunin Ingilawa a Amurka ta Arewa, ta sha da ƙyar. Sun sauka a Mayun 1607 su 104, suka zaɓi wuri don kariya daga jiragen Sifaniya, alhali fadama ce, ruwan kogin na gauraya da na gishiri, ga fari mai tsanani a shekarun. Zuwa Janairun 1608 saura 38. A 1609 jirgin da ya ɗauko shugabanni da kaya ya tarwatse a Bamuda, sauran jiragen suka sauke ƙarin baki ba abinci, bayan hunturu mutum 60 suka rage. A Yunin 1610 sun riga sun bar garin, a cikin kogi suka haɗu da jiragen agaji suka juyo.

Taswira:

Malama, bayanin ya yi, sai dai zan ƙara nauyi a gefe guda, don kada mai karatu ya ɗauka lissafin abinci ne kawai. Babu matsuguni ɗaya a ƙasa mai mutane da ya rayu da guminsa a shekarun farko. Masarar mutanen Powhatan, 'yan asalin yankin, ce ta riƙe Jamestown, kuma yunwar 1609 ta zo ne lokacin da suka rufe hanyar. Mutanen Bafaranshe Cartier a Kanada a hunturun 1535 zuwa 1536 sikobi ya kashe 25, sauran kuwa wani ɗan ƙasar mai suna Domagaya ne ya nuna musu dafa ganye da ɓawon wata bishiya suka warke. Buenos Aires ta 1536 ta faɗi ne bayan mutanen yankin sun daina kawo kifi da nama, aka watse a 1541, sai 1580 aka sake kafa ta.

Waɗanda suka tsaya kuma, a dubi da me suka tsaya. Tun 1444 aka raba bayi 235 a filin Lagos ta Fotugal. Raken Madera da na Sawo Tome, wadda aka zaunar da ita sosai daga 1493, bayi ne suka noma shi, kuma wannan tsari aka kwashe aka kai Birazil. Cikin yankunan kyaftin da aka raba a can a 1534, Pernambuco da São Vicente ne kawai suka yi ƙarfi, dukansu da rake. A Elmina 'yan Fotugal har bayi suke sayowa daga masarautar Benin su sayar wa fataken Akan a karɓi zinariya. A Hisfaniyola an ɗora wa duk ɗan Taino mai shekara 14 zuwa sama harajin zinariya ko auduga kowane wata uku tun 1495, gonaki suka mutu, sannan agana ta shigo a 1518. Cin Kanari kuwa ya ɗauki daga 1402 zuwa 1496, kuma al'ummar Guanche, 'yan asalin tsibiran, ba ta sake tashi ba. A ganina duk bayanin da ya tsaya ga filafilai da usturlabi ya bar rabin amsar a baya.

Baban Iman:

Haka ne Malam. Abu ɗaya da ba a ambata ba cikin dalilan makarar jiragen agaji: tsutsar katako ta ruwan zafi, wadda ke cin gindin jirgi ta ciki kamar gara, waje lafiya ciki rami. Maganinta a lokacin shi ne a sauke kaya duka, a kwantar da jirgi a gefe a bakin yashi, a babbake gindin da wuta, a kankare, a cusa zare a tsagogi, a shafe da kwalta da kitse, a juya ɗaya gefen. Aikin makonni ne, kuma yana buƙatar gaɓa mai kwanciyar ruwa da zaman lafiya da masu wurin. Kolumbus bai samu yin haka da kyau ba a tafiyarsa ta huɗu. Jiragensa biyu da suka rage suka zama rariya, ya tura su kan yashi a Jamaika a Yunin 1503, shi da mutanensa suka zauna a kansu shekara guda kafin jirgi ya zo daga Santo Domingo ya kwashe su a Yunin 1504.